Bakin Huda na Dattijo Pyo

Duk kasuwarmu ta Daegu babu wanda bai san Pyo Man-su ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne kusa da inda nake sayar da taliya, kuma bakunan injin huda kawai yake sayarwa. Mutum ne mai shegen iyayi. Ba ya miƙa maka baki sai ya ji abin da za ka huda.

"Katako ne ko ƙarfe? Tayil? To aje wannan, malam, na kankare ne. Kana so matarka ta kore ka?"

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya koma shafa kan bakin da babban yatsa. Mai tsini a tsakiya na katako, mai kai kamar mashi na tayil, mai faffaɗan kai na kankare. Bai taɓa yarda cewa ba ya gani ba, mu ma muka yi ta biye masa. Yanzu ina jin haushin kanmu.

A farkon sanyin bara matarsa, Geum-rye, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce za ta iya komawa gida idan akwai ƙarfen da za ta riƙa dafawa ta tashi daga shimfiɗa. In babu, sai gidan kula da tsofaffi, kuma can layi ake bi, in gado ya samu ba a jira.

Na ce, "Yaya, a kira masu aikin mana."

Ya harare ni. "Ni zan kira wani ya huda mini gida? Je ki ji da taliyarki."

Na bi shi gida dai. Bangon ɗakin allo ne marar kauri, ba zai riƙe nauyin mutum ba. Saura ƙasa. Ko yaro ya san bututun ruwan zafi ne shimfiɗe a ƙarƙashin daɓenmu, shi ke ɗumama ɗaki. Shi ma ya sani. Ya shafa ya zaɓo bakin kankare, daidai wanda ya dace, ya naɗa masa jan salatif a inda zai tsaya don kada ya kai ga bututu.

Yatsa yana gane baki, amma ba ya ganin salatif idan inji na juyawa. Ina kallo jan ya shige ƙasa. Na yi ihu, ƙarar injin ta danne muryata. Ruwan zafi ya yi tsiri har fuskarsa.

Ya durƙusa ya toshe ramin da tafin hannu, yana cewa, "Bakin daidai ne fa. Daidai ne." Na tsaya riƙe da tsumma kamar wata sakara.

Masu gyara suka ce bututan sun tsufa, sai an fasa daɓen duka, ga jiran siminti ya bushe a wannan sanyi. Asibiti kuwa ba su da wurin ajiye ta. Saura gidan kula da tsofaffi.

Ranar sallama muka tarar da ita a keken guragu, an taje mata kai, takalmanta na gida a kan cinya. Da ƙyar bakinta ya haɗa maganar.

"Tsoho, ka kunna ɗumin ɗaki? Ƙafafuna sun yi sanyi."

Ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe mata ƙafafu, ya daɗe yana gyara gefen. Sannan ya juyo wajena, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke ki gaya mata. Ni ba zan iya ba."