Turame huɗu a filin Kona

Ana idar da sallar asuba muka bar Tasawa, mu uku a motar ma'aikatar wasanni. An aike mu ne mu zaga ƙauyuka mu ga ƙungiyoyin ƙwallon da fari ya bari da rai, kafin gasar samari ta bana. A shingen bakin gari soja ya duba takardunmu, ya leƙa bayan mota ya ga ƙwallaye, ya ce da hatsi ne da ya fi murna. Ba mu yi masa musu ba.

Hanyar Mayahi rairayi ce mai shan isansi, wato man mota. Gonaki babu ko kara, an kwashe wa dabbobi. A kasuwar Sarkin Hausa akuya ta yi araha, hatsi kuwa sai kallo. Da kwaɗon tafasa da garin rogo muka karya.

A Kanambakashe mun tarar ana buga uku da uku a ɗan fili. Na tsaya na lura. A ƙaramin fili babu dogon gudu, amma babu wurin laɓewa: kana bayarwa ana dawo maka, ka tsaya, ka juya, ka sake tashi. Shi ya sa malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke horar da su yake yawan busa usur su zauna a inuwa. Sun gaji, amma ba wanda ya faɗi.

Kona ce ta tsaya mini a rai, don a filinta na fara taɓa ƙwallo. A da, ranar wasa sai ka hau bishiya kafin ka ga raga. Yanzu yawancin samarin sun tafi ci-rani Najeriya, har da ƙanena da ke buga gefe. Takwas suka rage. Bayan la'asar suka fito huɗu da huɗu, a babban filin nan yadda yake tun ana goma sha ɗaya. Kowa na yin gudun mutum uku da kunun safe a ciki. Ba a jima ba kaftin ɗinsu, Isufu, ya bi wata doguwar ƙwallo, ya zube a bakin layi.

Da ya farfaɗo na gaya masa gaskiya: in haka za su ci gaba, ba zan bari Kona ta shiga gasa ba. Na ce su matso da sandunan raga, fili ya dace da yawansu.

"Yaya, ƙanenka ne ya haƙa raminsu," in ji shi. "In muka tumɓuke su, kamar mun ce 'yan ci-rani ba za su dawo ba ke nan."

Ni kaina tun isowarmu idona na kan gefen da ƙanena ya saba gudu.

Mahaifiyar Isufu ce ta kawo masa ruwa, ta harare mu duka. "To ku bar sandunanku mana! Ga turamenmu can a kife, sun manta kalar hatsi. Ku ɗauka, su ma su samu aikin yi."

Aka yi dariya, amma aka gangaro da huɗu. Biyu nan, biyu can, a tsakiyar fili. Muka ja layi da ƙafa, na riƙe usur ina ba su hutu kamar yadda na gani a Kanambakashe. Isufu ya zauna ranar. Washegari ya buga har aka tashi, yana haki yana tsokanar gola. Na ce masa Kona za ta shiga gasa.

A rana ta uku muka iso Tasawa da azahar. Abin da na koyo shi ne, faɗin fili da yawan 'yan wasa su ke yanke wa jiki aikinsa, kuma mai jin yunwa ba a ba shi gonar mutum uku. Amma hoton da ya biyo ni gida daban ne: turame huɗu a tsakiya, can bayansu tsofaffin sanduna a tsaye, ba wanda ya taɓa su. Allah ya kawo ruwa, a mayar wa mata turamensu.