Rigar Ƙwayar Tumatir

A gidan binciken noma ba wanda ke kiranta da sunan yanka. Mai Zare ake ce mata, saboda kullum aljihun rigar aikinta cike yake da guntayen zaren da take tsintowa a shagon mijinta tela. Aikin shara aka ɗauke ta. Shekara biyu tana share ɗakin gilashin da ake renon tumatir, har ranar da Dakta, wata doguwar mace mai furfura da ke nazarin iri, ta lura tana ratsawa tsakanin shukoki ba ta kaɗe fure ko ɗaya.

"Ajiye tsintsiyar nan," in ji Dakta. "Hannunki nake so."

Sabon aikin shi ne duk furen da ya buɗe ta ɗaura masa zare, kowace rana da launinta, don a san kwanakin kowane ɗan tumatir. Idan ya kwana goma sai ta tsinko, ta yanka da reza, ta zaro ƙwayar. A lokacin ƙwayar ba ta da ƙwari ko kaɗan, farce na taɓa ta sai ta fashe.

Wata rana Dakta ta matsa gefe, ta ce ta leƙa madubin nan mai ƙara girman abu. Mai Zare ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Sai ga ƙananan ɗakuna jere, sahu bisa sahu, kamar ginin bulo.

"Rigar ƙwayar ce ake ɗinkawa," Dakta ta ce. "Ɗan da ke ciki na uwa da uba ne, amma rigar daga jikin uwa kaɗai take fitowa."

"Ai ko a gidanmu haka ne," in ji Mai Zare. "Ga tela a gida, amma ni ke sa wa yara maɓalli."

Suka yi dariya har Dakta ta cire tabarau.

Tun daga ranar kujera biyu ake ajiyewa gaban madubin. Mai Zare ta san rigar nan kamar yunwar cikinta. A kwana ashirin ɗakunan sahun waje sukan miƙe tsaye kamar karan darni. Na ciki kuma su yi ta sirancewa suna lotsewa, ɗan yana girma yana cinye wurinsu. In tumatir ya fara ja, bangon sahun waje ya narke ya zama yauƙi, ya bar tsinkaye tsaye, su ne gashin da ake ji a jikin busasshen iri. Dakta na rubutu, ita tana yanka, suna hirar ciwon gwiwa da surukai.

Haka suka yi shekara goma sha bakwai. Daga nan Dakta ta yi ritaya, 'yarta ta tafi da ita wani gari mai nisa, aka rufe sashen. Da fari sukan yi waya duk mako. Sannu a hankali kunnen Dakta ya yi nauyi, hira ta koma gaisuwa, gaisuwar ma sai ta bakin 'yar.

Mai Zare ta shuka tumatir a tsofaffin bokitai bayan kicin, ta ci gaba da ɗaura zare. Takan yanka ɗanye ta ɗaga ƙwayar sama a hasken rana, amma ido ba ya kai wa can.

"Ke dai kin hana mu cin nunanne," in ji maigidan. "Ki koma gidan binciken ki roƙe su ki leƙa madubin mana, ko ma samu lafiya."

Wata safiya ta ƙulle tumatir uku a hankici, na kwana goma, na ashirin da na talatin, ta hau mota. Mai gadi ya gane ta, ya kai ta wurin sabon shugaba. Mutumin kirki ne. Da kansa ya ɗauko mabuɗi suka tafi tsohon ɗakin, wanda yanzu buhunan taki suka cika. Madubin na cikin kabad, an rufe shi da leda.

Ta goge teburin da gefen mayafinta, ta yanka mafi ƙanƙantar tumatir ɗin. Ta leƙa, ta juya maɓallin gaba da baya. Hazo kawai take gani, fari fat. Danshi ya riga ya cinye gilashin daga ciki.

"Ki yi haƙuri, Baba," in ji shugaban. "An daɗe ba a buɗe shi ba."

"Ba komai, ɗana. Allah Ya yi albarka."

Ta ɗan ƙara zama a kujerar kafin ta tashi.

A gida ta tarar da maigidan a kan keken ɗinki. Ya tsayar da ƙafa ya dube ta.

"Kin gani?"

Ta girgiza kai, ta zauna a benci kusa da shi. Can ya ce akwai mai gyaran tabarau a bakin kasuwa, gobe zai tambaye shi ko irin wannan gilashin na wankuwa. Ta ce to, ya tambaya.