Wa Ya Ce a Cike Shirun Baba?

Daminar bana ta cika shekara tara da aka fitar da Baba daga gidanmu na Zango zuwa makwancinsa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in toya waina in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in koma ɗaki ba. Ban taɓa tunanin zan rubuta wa jarida ba, ni da aji biyar na tsaya a lakwal. Amma bana raina a ɓace yake, kuma na gaji da faɗa wa bango.

Masu shekaru a Damagaram sun san shi da Illo Mai Bas, na orkestar Fitilar Zango. Bas ita ce babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu, wadda a ƙirji ake jin ta kafin a ji ta a kunne. Kiɗansu shi suke kira sol da fank, irin na baƙaƙen Amirka, sai dai da Hausa suke rerawa, wani lokaci su tsoma Barbarci. Ni ban ga zamaninsu na farko ba. Hoto kawai na gani, Baba da suma kamar kwando, ƙafar wandonsa tana sharar ƙasa. Kafin a haife ni sun watse. Baba ya zauna kan keken ɗinki a bakin kasuwa, Kawu Kiyari mai busa ƙaho ya zama direba, Ɗan Dogo mai ganguna ya koma noma garinsu.

Ina shekara goma sha ɗaya suka sake haɗuwa. Wani mutum ne ya zo daga Yamai neman tsofaffin faya-fayansu, ya yi ta zuga su har suka yarda. A zaurenmu suke gwaji bayan la'asar. Na ga Baba ya jawo bas daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zanen Inna. Na ga tafin Ɗan Dogo duk kantar hauya, sanda tana suɓuce masa yana tsaki. Kawu Kiyari kuwa haƙoransa biyu na gaba sun tafi, in ya yi busa uku sai ya tsaya ya huta. Baba ya ce masa, "Kiyari, ƙahon ne ya tsufa ko mai shi?" Shi kuma ya ce, "Tela, ji da zarenka." Wata shida suna haka kafin su je Yamai su naɗo faifai. Waɗanda suka san su tun da sun ce gudun samartaka ya ragu, amma kiɗan ya ƙara nauyi, kamar miyar da ta kwana.

Ni ce 'yar farinsa. A makare ya yi aure, don a wancan lokaci ba kowa ke ba makaɗin gidan rawa 'ya ba. Kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Baba bai taɓa furta sunana ba, Baƙuwa yake kirana. Ranar da ya kai ni lakwal, mushe, wato malamin, ya tambayi sunan yarinya, sai Baba ya duƙar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba, har wata maƙwabciyarmu da ke cikin layi ta faɗa masa. Mutumin da ya yi rawa gaban gari duka, kalma ɗaya ta gagare shi.

A wannan faifan na haɗuwarsu ya sa wata waƙa. Cikinta yana cewa, "Wadda ta buɗe mini ƙofa, wadda ta sa aka ce mini Baba, sunanta..." Nan komai yake tsayawa cak. Ganga, ƙaho, jita, murya, duka. Bugu huɗu, in kana ƙirgawa da ƙafa. Sannan bas ɗinsa ta shigo ita kaɗai, gim, sauran su bi bayanta. In sun kaɗa ta wurin biki, tsofaffi sukan kalli juna su yi murmushi, don duk wanda ya haifi ɗan fari ya san abin da ke cikin shirun nan. Ni kuwa sai in ruga ɗaki in rufe fuska. A rayuwata ba a taɓa kirana da ƙarfi kamar a wurin ba.

Shekara shida bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Orkestar ba ta sake watsewa ba. Sun ƙara faifai biyu. Na farkon ban ce komai a kansa ba, ko da yake wanda ya karɓi bas ɗin yatsunsa sauri gare su, ba ya barin hanya ga kowa. Na ce tsofaffi ne, kiɗa ne ransu, a bar su. Na biyun ne ya fito bara, suka ce na tunawa da Illo ne. An sa na'ura ta zaro muryar Baba daga tsohon faifai, aka ɗora ta kan sabon kiɗa.

Ba su aiko mini ba, a titi na ji. Ina bayan kabu-kabu da goyo, za ni asibiti awon jariri, muka tsaya cikin cunkoso daidai shagon masu tura waƙa a waya. Sai ga muryar Baba daga lasifika, tas, kamar yana tsallaken titi. Ya zo kan "sunanta", na riƙe numfashi kamar yadda na saba. Sai na ji an kira ni. Sunana na yanka, an ja shi an miƙe har ya cika bugu huɗun, da muryar Kawu Kiyari, har da amsa-kuwwa. Mai kabu-kabu ya waigo ya ce, "Hajiya lafiya? Za ki yaga mini riga." Ashe na damƙe shi ban sani ba.

Ba zan rubuta sunan nan ba, yawon da ya yi ya ishe shi. Samarin unguwa in na wuce sai su rera shi ƙasa-ƙasa suna dariya. Uwar mijina, a gidan suna, gaban mata, ta ce, "Ashe mahaifinki ɗan zamani ne, har sunan 'yar fari a lasifika." Na haɗiye, don ba a mayar wa suruka magana. Amma wanda ya fi ci mini rai a cikin gidana ya faru. Ina da 'yar fari mai shekara huɗu, ni ma ba na faɗin sunanta, Ummi nake ce mata. Ba ta taɓa ganin kakanta ba, ba ta iya rabe muryarsa da ta wani ba. Ina tankaɗe ta shigo da gudu ta ce, "Mama, Kaka yana kiran ki a radiyo!" Ta buɗe baki ta rera sunana yadda ta ji. Na ɗaga hannu. Allah ya taimake ni ban sauke shi kanta ba, don me ta yi?

Wannan shi ne tsorona, kuma ba ƙarami ba ne. Mu da muka san Baba muna raguwa. Inna ta tsufa, abokansa kowace shekara sai an rasa ɗaya. Ranar da muka ƙare, faifai ne zai tsaya ya ba da shaida kan halinsa, kuma shaidar zur zai bayar. Tsohon faifan da ke hannuna ya karce, yana tsallake rabin waƙar. Sabon kuwa yana cikin kowace waya daga Zango har Dakusa. Ummi za ta girma tana cewa kakanta ya kira 'yar farinsa da suna gaban duniya, in wani ya musa ta kunna masa.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ji. Ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce garin gyaran gira an tsone ido. Ina jin abin da zai fi ba shi mamaki shi ne yadda yanzu ba mai iya zama da shiru ko na ɗan lokaci. Waya ta yi shiru, a girgiza ta. Hira ta tsaya, kowa ya duba aljihu. 'Yan'uwana mata da yawa suna kiran 'ya'yansu na fari gatsal, ban ce sun yi laifi ba, kowa da tsarin gidansa. Amma Baba ya zaɓi nasa yana raye, aka jira sai da ba ya iya musu aka sauya masa. Wannan ne ba zan kira girmamawa ba.

Na yi wata uku ina dafa abin a ciki kafin na je wurin Kawu Kiyari. Da hantsi na tarar da shi ƙofar gida yana ɗiga wa ƙahonsa mai. Ya ce, "A'a, Baƙuwar Illo, yau hanya ta biyo da ke?" Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Kawu, wa ya ce a cike?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce mai na'urar a Yamai ne ya ce wurin kamar faifai ya lalace, masu radiyo ba sa son shiru, mutane za su zaci an ɗauke wuta. Na ce, "Shi baƙo ne, bai san mu ba. Kai fa? Kai ka raba goron sunana."

Ya ajiye ƙahon kan tabarma. Ya ce, "Ɗiyata, tun da ya tafi ba mu taɓa dawowa daidai daga wurin nan ba. Ba ƙirgawa muke ba, shi muke kallo. In ya ɗaga wuyan bas ɗin, mun san lokaci ya yi. A Yamai mun gwada har mai na'ura ya gaji, kowa yana faɗowa inda ya ga dama kamar awaki. Da na ja sunanki na sauke, kowa ya san inda zai sa ƙafa."

Na ce, "To ku bar waƙar mana." Ya ce, "In mun bar ta mun binne shi sau biyu." Na ce, "Kawu, gara binnewa da ƙage." Ban taɓa yi wa babba irin wannan magana ba. Matarsa ta kawo mini ruwa, ban sha ba, na tashi.

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Tsoho ne da ya rasa abokin shekara da shekaru. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su sun rasa inda za su sa ƙafa, sai suka taka abu ɗaya tak da Baba ya bar mini.

Wata biyu da suka wuce aka gayyace su bikin wata 'yar'uwar mijina, ina wurin cikin mata, bayan la'asar. Kawu ne ya rera waƙar da kansa. Na riga na jawo Ummi jikina don in toshe mata kunne. Ya zo kan "sunanta", ya kalli sashenmu, sai ya rufe baki. Bugu huɗu ba motsi. Sannan abin ya wargaje. Ɗan Dogo ya riga kowa, mai bas ya makara, ƙahon ya shigo yana tari. Matasa suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Tsofaffi sun ɓata hanya!" Kawu yana zufa ya tattaro su da hannu har suka hau layi. Wata tsohuwa da ban sani ba, tana zaune kusa da ni, ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Haka Illo yake yi."

Na gode masa a kan wannan, kuma na san ya sha kunya domina. Amma ban huce ba. Biki da rana ɗaya yake ƙarewa, faifai kuwa yana nan. An ce magana zarar bunu ce, to wannan na'ura ce ta cusa ta, na'ura tana iya zare ta. Ina roƙon 'yan Fitilar Zango su koma Yamai su cire abin da suka sa, ko da za su dawo a hargitse kamar ranar bikin. Ina kuma roƙon duk wanda ke da tsohon faifan nan lafiyayye ya kai shi gidajen radiyo da shagunan masu tura waƙa, su ji yadda mai ita ya bar ta.

In na auna abin da ya rage na Baba bayan shekara tara, ba shi da yawa. Keken ɗinki yana hannun wani, rigunan da ya ɗinka sun kece. Murya tana nan, amma na ga yadda kowa ke iya ɗaukarta ya ajiye inda yake so. Abin da yake nasa shi kaɗai shi ne abin da ya ƙi faɗa.

Kafin su gyara, ni na koyi nawa aikin. Radiyonmu yana kan taga kusa da murhu. In waƙar ta zo, ko hannuna da ƙullu, sai in sa yatsa kan makunni, in jira "sunanta", in murɗe, in ƙirga huɗu da ƙafa, in mayar. Ba na kuskure. Shekaranjiya Ummi ta ce, "Mama, radiyon ya lalace?" Na ce, "Bai lalace ba. Yi shiru, kakanki ne ke magana."