Baba Istifanus, Mai Tsaron 'Ya'yan Shaho

Allah ne ya ba mu shi, kuma ya karɓi abinsa. Ranar Alhamis, 13 ga watan Mayu, 1999, da hantsi, Baba Istifanus ya rasu a gidansa da ke unguwar Television, bayan ya yi kwana biyar yana jinya. Ni ce Indo, mai shinkafa da wake a bakin ƙofar masaƙa a Kakuri, inda marigayin ya yi shekara ashirin da biyu yana kula da injin famfo da babban tankin ruwa. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka san shi su tuna, waɗanda ba su san shi ba su ji.

Baba, bari in yi maka magana kamar yadda na saba.

Ban manta shekarar da 'yata A'isha ta yi ƙyanda ba. Mijina yana Kafancan, ni kaɗai na rasa inda zan sa kaina. Kai ka goya ta a kan kekenka har asibiti, ina biye da ku a ƙafa, ka zauna a benci har aka sallame mu. Da azumi kuma, in ka sayi abinci ba ka ci a gabana. Sai ka ɗauki kwanonka ka shige ɗakin inji. Ban taɓa roƙonka hakan ba.

Amma abin da duk masaƙa ta san ka da shi, shi ne shaho.

A saman tankin nan, ta gabas, akwai wani ɗan dakali na ƙarfe da ƙasa ta taru a kai. Nan shaho mace da namiji suke zuwa kowace shekara su yi ƙwai. Da farko na tsane su. Na ce maka su suke ƙarar min da 'yan tsaki a gida. Ka yi dariya ka ce, “Indo, kin kama marar laifi. Shirwa ce ɓarauniyarki. Wannan ba ya tsintar abinci a ƙasa, a sama yake farauta.” Sannan ka miƙo min tsohon madubin hangen nesanka mai ido ɗaya a fashe. Ranar na ga namijin ya haɗe fukafukansa ya faɗo daga sama kamar dutse, ya bugi tattabara, gashinta ya watse. Na saki ludayi.

Kai ka koya min cewa macen ta fi namijin girma. Ka nuna min yadda ba sa tara ciyawa, sai dai ta ɗan tona ƙasa da ƙirjinta ta kwanta. Ka nuna min yadda namijin yake miƙa mata nama suna cikin tashi, ita kuma ta yayyaga ta raba wa 'ya'ya. In rana ta take, sai ta buɗe fukafukai ta yi musu inuwa, bakinta a buɗe tana haki. Ka ce, “Duba uwa.”

Bana sun ƙyanƙyashe uku a farkon watan Afrilu, farare tas kamar audugar da ake saukewa a sito. Ka ce suna buƙatar kwana arba'in da ɗan ɗoriya kafin su tashi, kamar mai jego. Sai ga magana daga ofis: sojoji za su miƙa mulki a ƙarshen Mayu, ana sa ran zaɓaɓɓun manya za su zagaya masana'antu, don haka a fente tanki kafin ranar. Aka ba Ɗanjuma mai fenti aikin, ya fara uku ga wata.

Kowa ya san daga sama ake fara fenti, don abin da ya ɗigo kada ya ɓata wanda aka gama. Kai kuma ka san in mutum ya hau kusa da dakalin nan, 'ya'yan za su firgita su yi tsalle tun fukafukansu ba su yi ƙwari ba, kuma ƙasan tankin siminti ne. A rumfata kuka yi maganar, ina zuba muku abinci.

Ka ce, “Ɗanjuma, daga ƙafafu za ka fara.”

Ya ajiye cokali. “Baba, shekarata goma sha biyar a wannan sana'a. In aka gan ni ina fenti daga ƙasa, cewa za a yi burkutu na sha da safe.”

“Ka ce musu ni na sha, kai umarni ka bi.”

“To in na hau sama ya ɗigo ya ɓata fa? Oga zai ci mutuncina.”

“Duk inda ya ɗigo, ni zan bi in gyara da hannuna.”

Ya dube ka da furfurarka, ya ce, “Saboda tsuntsun da ko miya ba a yi da shi!” Amma washegari daga ƙafafu ya fara. Ma'aikata suna wucewa suna yi masa tsiya, yana cewa su je su tambayi Baba. Kai kuma ka tafi ofis da kanka ka tsaya a gaban oga, ka ce za a gama a kan lokaci, in ba a gama ba a ɗora laifin a kanka. Saura maka wata bakwai ka yi ritaya, kuma ka san ana neman dalilin rage ma'aikata. Duk da haka ka je.

Ranar Asabar ba ka zo aiki ba. Ashe ciwon ƙirjin da kake cewa tari ne ya daɗe yana cin ka. Ranar Litinin 'yarka Eunice ta zo rumfata da madubin a cikin leda. Ta ce, “Baba ya ce ki riƙa duba masa.” A ranar babban cikin 'ya'yan shahon ya tashi. Talata na biyu ya bi shi. Saura autar, wadda kullum ita ce ta ƙarshe wajen samun nama. Takan zo bakin dakali ta kaɗa fukafukai, ta leƙa ƙasa, ta koma.

A lokacin Ɗanjuma ya gama ƙafafu, ya gama jikin tanki ta yamma, babu abin da ya rage sai sama. Oga ya fito ya ce gobe yana son ganinsa a can. Da yamma Ɗanjuma ya zo ya zauna bai ce a zuba ba. Na ce masa ni ba zan iya hawa in gyara ɗigo ba, kuma ba ni da bakin magana a ofis. Ya ce, “Hajiya Indo, wa ya tambaye ki? Tsani bai ji fenti sosai ba. Gobe zan sake masa shafe na biyu.” Tsanin nan ƙyalli yake yi, Baba. Da sassafe ya hau ya sake shi, mataki bayan mataki, kamar mai yi wa amarya lalle.

Yana mataki na tara, wajen ƙarfe goma na safiyar Laraba, uwar ta zo da nama ta ƙi sauka. Ta yi ta kewaya tankin tana kuka. Autar ta zo bakin dakali, ta tsaya, sai kawai ta saki. Ta yi ƙasa har na rufe ido ɗaya, sannan iska ta ɗauke ta. Ta sauka a kan rufin sashen rini, ta yi tangaɗi, ta tsaya da ƙafafunta. Masu gadi suka yi ta tafi. Ɗanjuma ya kusa sakin gwangwaninsa.

Na rufe tukunya, na bar wa maƙwabciyata rumfa, na shiga bas zuwa Television. Na same ka a kwance, matarka Mama Ruth tana yi maka fifita. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, “Baba, ta tashi.” Ka buɗe ido ka ce, “Ta sauka lafiya?” Na ce lafiya lau. Ka ce, “To, ki ce wa Ɗanjuma ya hau.” Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ya hau. An gama tanki saura kwana shida a miƙa mulki. Inda ya ɗigo, shi ya bi ya gyara, bai bari kowa ya taɓa ba. Ya ce alkawarin Baba ne, ba zai zauna a buɗe ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Ruth, da Eunice da ƙannenta, da 'yan cocinsu da suka tsaya a kan jana'iza, da ma'aikatan sashen famfo. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari, ya haɗa ku da masu tausaya muku kamar yadda ya tausaya wa na ƙasa da shi. Baba, ni shaida ce ba ka cuci mutum ba, ba ka cuci tsuntsu ba. Allah mai rahama ya dubi wannan, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu. 'Ya'yan shahon su ukun duk suna raye.