Mai Rubuta Koke a Tashar Ajingi

Burga da Turanci ce cutarsa, kuma ba ya ɓoye ta. Yana zaune kan benci a tashar Ajingi, rigarsa ta koɗe, ƙafar tabaransa ɗaure da zare. Daga ganin rubutunsa, tsohon malamin makaranta ne.

Wani manomi daga Gafasa na tsugune gabansa, yana son koke kan famfonsu da ya shekara biyu babu ruwa.

"Malam, ka rubuta ya lalace kawai."

"Ya wuce lalacewa, desuetude ke nan. Daga Latin take. Abin da aka daina amfani da shi har aka manta yana nan."

"To, 'yan ofis za su gane?"

Ya ci gaba da rubutu. Ni ma da nake zaune gefensa ina jiran mota na yi sakandare, ban taɓa jin kalmar ba, kuma ban ga ta kawo ruwa ba.

Ya juyo gare ni a gajiye. "Hajiya, na ga kina bin rubutun da ido. Shekara talatin ban ji kalmar nan a bakin wani ba. Don Allah ki faɗe ta sau ɗaya in ji."