Kura ba ta buga ƙofa

Ku yarda ko kar ku yarda, ni nan an taɓa nemana da laifin juyin mulki saboda labarin yara mai shafi huɗu. A unguwar Kakuri ta Kaduna, a makarantar kuɗi da ko katanga ba ta da ita.

Lokacin ina koyar da 'yan aji uku. Cikinsu akwai tagwaye mata, 'ya'yan maƙwabciyata mai ɗinki. Daga wata ƙasa suka gudo, bayan sojoji sun tafi da babansu saboda ya yi magana a rediyo. Yaran ajin kuwa sun riga sun yanke hukunci: duk wanda soja ya kama ɓarawo ne. Kullum sai tagwayen sun koma gida da kumburarrun idanu.

Da bikin ƙarshen zango ya zo, aka ce in rubuta labarin da za a karanta wa yara. Na tambayi uwar, ta ce in rubuta nasu, a san ubansu bai saci ko allura ba. Na rubuta komai: ƙofar da aka ɓalle, motar ayaba da suka ɓuya a ciki, yadda aka toshe wa yaran baki da burodi a shingen bincike.

Madam mai makarantar ta karanta, ta riƙe takardar da yatsu biyu kamar ɓera ya mutu a ciki.

"Malam, so kake a rufe min makaranta? Labarin yara dabbobi ake sawa. Mai da sojojin kura, su kuma zomaye. A ƙarshe a ce ƙurunƙus."

Na ce to, Madam. "To" ɗina kuwa duk Kakuri sun san darajarsa, har mai shayi ba ya karɓa.

Ai da an ce ƙurunƙus, kowane yaro ya san ƙarya ce aka gama. Ana dawowa daga hutu a ci gaba da kiran uban tagwayen ɓarawo.

Ranar biki iyaye sun cika rumfa, na karɓi makirufo, na karanta nawa. Soja na ce soja. Gumin da na yi da an tara shi da kogin Kaduna ya yi ambaliya. Yaran suka kasa kunne, har wanda ya fi kowa tsokanar tagwayen ya daina tauna cincin.

Madam ta taso da gudu, ta fizge makirufon tana murmushin dole.

"Yara, malam wasa yake yi. Tatsuniya ce, kura ce ta zo."

Mai ɗinkin ta miƙe daga layin baya, 'ya'yanta a gefenta. Ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Madam, ni na share sawun takalmansu daga tsakar ɗakina. Kurar garinku ce ke sa takalmi?"