Jiran Sanyi a Sentul

Shekarar da na iso Kuala Lumpur, maigidana kan fita jami'a tun da sassafe, ni kuwa in zauna a benenmu na unguwar Sentul ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa. Ƙofar da ke fuskantar tamu ta wata tsohuwa ce Musulma daga Afirka ta Kudu, wadda ɗanta ya ɗauko ta zauna wurinsa. Idanunta sun daɗe da tafiya. Iya nake ce mata, da ɗan Turancina muke lallaɓa hira.

Wata safiya ta zuba mini wasu 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Da a kasuwa na gan su, da na ce albasa ce da ta ƙi girma, sai dai rigarsu zare-zare ce kamar raga. Ta ce irin wani fure ne mai suna firiziya, ta daji, daga rairayin bayan gidan mahaifiyarta kusa da teku. Duk zafin rani kwance take a ƙasa kamar ta mutu, sai ruwa ya sauka da sanyi take farkawa. Burin Iya guda ne, furen nan ya buɗe a ɗakinta kafin ta bar duniya. Haka ta faɗa, ba ta yi kwana-kwana ba.

Ni kuwa 'yar mai noman rani ce. A fadama na tashi, ina ganin babana yana riƙe irin alkama har sai sanyin asuba ya fara cizon kunne. Sai na bugi ƙirji na ce, "Iya, wannan ai aikin gidanmu ne. A bari sanyi ya shigo kawai."

Na adana ƙwayoyin, na shiga jira. Da ƙarshen shekara ya ƙarato har rigar sanyi na fiddo daga akwati na rataye. Maigidana ya dube ta, ya dube ni.

"Madam, wannan kuma ta mene ce?"

"Sanyi mana. Ai ya kusa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kwaikwayi bakin 'yan garin: "Babu winter a garin nan, lah. Zafi da ruwa, ruwa da zafi, har mu koma gida."

Na ji haushi, amma ba shi nake jin haushi ba. Ban taɓa tunanin akwai garin da shekara za ta zagayo ba tare da ranar hura wuta a tsakar gida ba. Ranar na yi kewar gida fiye da ranar da na hau jirgi.

Taurin kai ya sa na shuka rabi a baranda. Ganye ya fito a jere kamar mafici, ya yi tsawo, ya langaɓe, babu ko alamar fure. Daga baya ruwa da zafi suka haɗu suka ruɓar da su. Duk da haka kullum da safe ina wurin Iya da labari, ta ba ni shayi, ta tambayi ina ganyen ya kai. A tsakanin nan ta yi wani zazzaɓi mai nauyi. Da ta tashi, na je unguwar Brickfields wurin masu furanni na sayo mata firiziyar kanti, manya, rawaya. Ta shafa su da yatsu ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma tamu ƙarama ce." Ban lura a lokacin ba cewa ko kusa da hancinta ba ta kai su ba.

Wani abokin maigidana, Bakatsine mai karatun aikin gona, shi ya warware mini. Ya ce firiziya zafi take so lokacin da take barci, sanyi kuma lokacin da za ta ɗauki fure. Garin nan rabin buƙatarta yake biya. A sashensu akwai ɗaki mai sanyi da fitilu inda suke gwajin shuka. Na roƙe shi ya ajiye mini tukunya ɗaya ta ragowar ƙwayoyin.

"Boleh," in ji shi, wato zai yiwu a yaren garin. "Amma ki cika ta da yashi, kar ruwa ya kwanta."

Watanni suka shuɗe kafin ya kira. A jirgin ƙasa na ɗauko tukunyar a cinya. Kara ɗaya ne siriri, ya lanƙwashe daga sama, furannin suka jeru a kansa suna kallon sama, farare, da ɗan rawaya a ciki, da shunayya a baya. Ƙanana ne, amma mutanen da ke kusa da ni sai waiwaye suke yi.

Na ajiye ta a gaban Iya. Ta bi karan da yatsa har inda ya lanƙwashe, ta taɓa furannin ɗaya bayan ɗaya.

"Gaya mini, 'yata, yaya ƙamshin yake?"

Na ɗauka tsokana ce. Sai ta ce tun zazzaɓin nan hancinta ya daina jin komai. "Na ƙi faɗa miki ne, kar ki daina shigowa da safe."

Na sunkuya na shaƙa, na ce kamar furen lemo ne da asubar sanyi, lokacin da raɓa ba ta bushe ba, da ɗan zuma a bayansa. Sai da na yi nisa na gane gonar babana nake kwatanta mata.

Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Shi ne," in ji ta. "Ci gaba."